Makircin da Amurka ta ƙulla wa Kyuba a zamanin yaƙin cacar baka: tambayoyi da amsoshi

Tsakanin 1960 da 1963 gwamnatin Amurka ta ɓatar da dukiya da rayuka wajen neman kifar da Fidel Kastro ba tare da an ga hannunta ba. Yawancin takardun sirrin sun fito fili tuni, amma labarin ya cakuɗe da jita-jita, har mutum ya kasa rarrabe abin da aka aikata da abin da ya tsaya a takarda. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Me ya haɗa su rigima tun farko?

Kusanci da dukiya. Daga gaɓar Kyuba zuwa ƙarshen Fulorida mil 90 ne kacal, kuma tun bayan yaƙin 1898 da ya kori Sifaniya daga tsibirin, Amurka take kallonsa a matsayin nata. A 1903 ta karɓi hayar Guwantanamo, inda sojojinta suke zaune har gobe. Gonakin rake, matatun mai, kamfanin wuta da na tarho, rabo mai tsoka duk na Amurkawa ne. Otal-otal da gidajen cacar Habana kuwa, da yawansu suna hannun 'yan mafiya.

Ranar 1 ga Janairun 1959 shugaban Kyuba Fulgencio Batista ya tsere, Kastro da mutanensa suka karɓi mulki. A watan Mayu aka kafa dokar raba filaye, wadda ta taɓa manyan gonakin kamfanonin Amurka irin su United Fruit. Daga nan sai ramuwar gayya ta kankama. A Fabrairun 1960 Anastas Mikoyan na Tarayyar Sobiyet ya zo Habana aka ƙulla cinikin sukari da mai. Esso da Texaco da Shell suka ƙi tace man Sobiyet, Kastro ya ƙwace matatun, Amurka ta zaftare sukarin da take saye, shi kuma ya ƙwace sauran kamfanoninta. Ranar 3 ga Janairun 1961 aka yanke hulɗar jakadanci.

Shugaban Amurka John Kenedi ne ya fara abin?

A'a, gada ya yi. Shugaba Eisenhower ne ya amince da shirin ranar 17 ga Maris 1960: a haɗa kan 'yan adawar da ke gudun hijira, a buɗe gidan rediyon farfaganda, a kafa 'yan leƙen asiri a cikin tsibirin, a kuma horar da mayaƙa a wata ƙasa. Allen Dulles ne shugaban hukumar leƙen asiri ta CIA a lokacin, Richard Bissell kuma shi ke riƙe da ayyukan ɓoye.

Abin da ya ba su ƙwarin gwiwa shi ne Guwatamala. A 1954 sun kori Shugaba Jacobo Árbenz da 'yan ɗaruruwan mayaƙa, da jirage kaɗan, da rediyon da ke zuga ƙarya har hafsoshin sojansa suka tsorata suka juya masa baya. Wasu daga cikin jami'an da suka yi wancan aiki su aka ɗora a kan na Kyuba. Sun manta cewa Che Guevara, wanda daga baya ya zama na hannun daman Kastro, yana Guwatamala sa'ad da abin ya faru, ya ga yadda soja suka sayar da shugabansu. Shi ya sa juyin Kyuba bai bar tsohuwar rundunar Batista a tsaye ba, ya rushe ta ya kafa tasa, ya kuma raba wa dubban farar hula bindigogi.

Idan a asirce aka yi, wa ake ɓoye wa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci, domin ba Kastro ake ɓoye wa ba. Yana da kunnuwa a Miyami, inda zancen mamaya ya zama hirar gidajen shan gahawa. Ranar 10 ga Janairun 1961, wata uku kafin a kai harin, jaridar New York Times ta buga a shafin farko cewa Amurka na horar da mayaƙa a Guwatamala. Gonar gahawar da aka mayar sansani a yankin Retalhuleu ba ta ɓuya ga kowa ba.

Sirrin na jama'ar Amurka ne, da Majalisar Ɗinkin Duniya, da ƙasashen Latin Amurka. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana amfani da ƙarfi a kan wata ƙasa, ta Ƙungiyar Ƙasashen Nahiyar Amurka ta 1948 ma ta haramta tsoma baki a harkokin cikin gidan maƙwabci, kuma Amurka ta sa hannu a duka biyun. Tun 1948 Majalisar Tsaron Ƙasa ta Amurka ta rubuta ƙa'ida cewa duk aikin ɓoye a tsara shi yadda ko ya tonu gwamnati za ta iya cewa babu ruwanta, a kuma yarda da ita. A ganina wannan ƙa'ida ita ta lalata komai. Ta sa an zaɓi abin da za a iya musantawa a kan abin da zai yi aiki, ta kuma sa manya ba sa faɗin abin da suke so ɓaro-ɓaro, na ƙasa suna fassara shiru yadda suka ga dama.

Me ya faru a Mashigin Aladu?

Shirin farko shi ne a sauka kusa da garin Trinidad, dab da tsaunukan Escambray inda akwai 'yan tawaye, ta yadda in abin ya ɓaci mayaƙan za su haye dutse. Kenedi ya ce wannan ya yi ƙara da yawa, a nemo wuri mai shiru. Cikin 'yan kwanaki aka koma Mashigin Aladu, wanda 'yan Kyuba suka fi sani da Playa Girón, wurin da fadamar Zapata ta zagaye. Babu sauran maganar hawa dutse, amma ba wanda ya fito ya gaya wa shugaban haka.

Da asubar 15 ga Afrilun 1961 jirage takwas samfurin B-26, waɗanda aka shafa wa fentin rundunar saman Kyuba, suka taso daga Nikaraguwa suka yi ruwan bama-bamai a filayen jirage uku. Wani jirgin daban ya wuce kai tsaye Miyami, matuƙinsa ya ce shi sojan Kastro ne da ya tuba. Tun kafin ya tashi an cire murfin injinsa an ɓuɓɓula shi da harsashi an mayar. Jakadan Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, Adlai Stevenson, wanda ba a gaya masa gaskiya ba, ya ɗaga hoton jirgin a gaban wakilan duniya. Sai dai 'yan jarida sun lura da abu ɗaya: hancin wannan jirgi na ƙarfe ne, alhali na Kyuba hancinsu na roba ne mai kama da gilashi. Ƙarya ta fara warwarewa, Kenedi ya soke harin sama na biyu, jiragen Kastro da suka tsira suka zauna daram. Washegari, a wurin jana'izar waɗanda aka kashe, Kastro ya furta a karon farko cewa juyinsa na gurguzu ne.

Daren 16 zuwa wayewar 17 mutum wajen 1,400 na rundunar da ake kira Birged 2506 suka iso. Masu nazarin hotunan sama sun ce baƙin da ake gani a ruwa ciyawa ce, ashe duwatsun murjani ne, suka farfasa ƙananan jiragen sauka. Gari na wayewa jiragen Kastro suka harbi jirgin ruwan Houston, suka nutsar da Río Escondido wanda ke ɗauke da harsasai da mai da kayan sadarwa. Sauran jiragen suka ja da baya cikin teku. Boren da aka yi alkawarin jama'a za su tayar bai tashi ba, don an riga an kame dubban waɗanda ake zargi. Ranar 19 komai ya ƙare: an kashe sama da 100 cikin maharan, an kama kusan 1,200.

Matuƙa huɗu Amurkawa daga jihar Alabama sun mutu a ranar ƙarshe. Gwamnatinsu ta ƙi amsa cewa nata ne, gawar ɗaya daga ciki ta zauna a ɗakin ajiye gawa a Habana har 1979. Fursunonin kuwa an sako su a Disambar 1962, bayan an ba Kyuba abinci da magunguna na dala miliyan 53.

Laifin wa ne?

Tsofaffin mayaƙan sun ce Kenedi ne ya yashe su da ya hana jirage. Babban mai binciken cikin gida na CIA, Lyman Kirkpatrick, ya ɗora laifin a kan hukumar tasa: shirin ya fi ƙarfinta, ba ta da hujjar cewa jama'a za su yi bore, jami'anta da yawa ba sa jin Sifaniyanci kuma suna raina 'yan Kyuban da suke horarwa. Rahoton ya yi zafin da aka kulle shi sai 1998. Akwai kuma zargin cewa masu shirin sun sa rai in mayaƙa suka shiga tsaka mai wuya, dole shugaban ya tura sojan Amurka. Bai tura ba. Waɗanda suka yi gargaɗi tun da wuri, irin su Sanata William Fulbright, an saurare su an wuce.

Bayan wannan abin kunya ba su haƙura ba?

Ko kusa. A ƙarshen Nuwamban 1961 Kenedi ya amince da sabon shiri mai suna Mongoose, ya ɗora Janar Edward Lansdale a kai, ƙanensa Robert Kenedi, ministan shari'a, shi ke tsaye a kan mutane yana neman sakamako. A Fabrairun 1962 Lansdale ya rubuta jadawali mai matakai shida, wata bi wata, wanda zai ƙare da faɗuwar Kastro a Oktoba. Wato an sa wa boren al'ummar wata ƙasa rana kamar ɗaurin aure, tun ba a ji ta bakin masu boren ba.

A Miyami CIA ta buɗe ofishin da ya zama mafi girma bayan hedikwatarta, a wasu tsofaffin gine-gine na Jami'ar Miyami, da allon wani kamfanin bogi mai suna Zenith Technical Enterprises a ƙofa. Ɗaruruwan jami'ai, dubban 'yan Kyuba a kan albashi, gidajen ɓuya, kwale-kwale masu gudu da ke tsallakawa da dare su sauke mutane da nakiyoyi. An ƙona gonakin rake, an sha neman tarwatsa mahaƙar tagulla ta Matahambre ba a dace ba. An kawo shawarar sa wa masu saran rake wani sinadari da zai kwantar da su a lokacin girbi, aka yi watsi da ita. Wani jami'i ya shaida wa majalisar dattawa cewa har an yi zancen baza jita-jitar saukowar Annabi Isa, a ce Kastro ne Dujal, sannan jirgin ƙarƙashin teku ya harba wuta mai haske sama da dare. Lansdale ya musanta cewa shi ya kawo wannan.

A wannan lokacin ne kuma aka dakatar da Kyuba daga Ƙungiyar Ƙasashen Nahiyar Amurka, aka ƙaƙaba mata cikakken takunkumin ciniki a Fabrairun 1962, wanda bai tashi ba har yau.

Gaskiya ne sojojin Amurka sun ba da shawarar a kai wa ƙasarsu hari a ɗora wa Kyuba?

Gaskiya ne, kuma takardar tana nan. Kwananta 13 ga Maris 1962, da sa hannun Janar Lyman Lemnitzer, shugaban hafsan hafsoshin Amurka, zuwa ga sakataren tsaro Robert McNamara. Ita ce aka sani da Northwoods. An nemi sojoji su kawo dalilan da za su halatta mamaye Kyuba a idon duniya, su kuma suka jero yadda za a ƙirƙiri dalilan.

A ciki akwai sa wa 'yan Kyuba masu goyon baya kayan sojan Kastro su kai hari sansanin Guwantanamo. Akwai tarwatsa jirgin ruwan Amurka a can, a yi jana'izar ƙarya, tare da lura cewa jerin sunayen mamata a jaridu zai tayar da fushin jama'a yadda ake so. Sun ma ambaci jirgin Maine da ya fashe a tashar Habana a 1898 ya zama sanadin yaƙi da Sifaniya. Akwai tayar da bama-bamai a Miyami da Washintan da sunan 'yan gurguzun Kyuba, da nutsar da kwale-kwalen 'yan gudun hijira, ko da gaske ko na wasa.

Wadda aka fi ɓata lokaci a kanta ita ce ta jirgin fasinja. Za a yi wa jirage biyu fenti da lamba iri ɗaya. Na farko ya ɗebi mutanen da aka zaɓa, da sunayen bogi, a ce ɗalibai ne za su hutu. Na biyu babu kowa ciki, daga nesa ake tuƙa shi. A kudancin Fulorida su haɗu a sama, mai fasinja ya yi ƙasa-ƙasa ya koma sansanin Eglin a sauke mutanen, maras matuƙin ya ci gaba. Yana kaiwa saman Kyuba ya aika kiran neman agaji cewa jiragen yaƙin MiG sun far masa, sai a fasa shi da siginar rediyo, don tashoshin jiragen sama na wasu ƙasashe su ne za su fara ba da labari.

To an aiwatar?

Ba a aiwatar ba. Kwana uku bayan takardar Kenedi ya shaida wa Lemnitzer cewa ba ya hango yanayin da za a yi amfani da sojan Amurka kai tsaye. Takardar ta fito ne a 1997, ta hannun hukumar da aka kafa don sakin bayanan kisan Kenedi.

A nan sai mai karatu ya yi hattara. A intanet ana ɗaga Northwoods a matsayin hujjar cewa duk harin da ya taɓa faruwa gwamnati ce ta shirya. Abin da takardar ta tabbatar shi ne manyan janarori sun zauna sun yi wannan tunani sun sa hannu. Wannan kaɗai ya isa tayar da hankali, ba sai an ƙara masa gishiri ba. Kowane hari daban yana buƙatar tasa hujjar.

Sau nawa aka nemi kashe Kastro? Ana cewa 638.

Wannan adadi daga bakin Fabián Escalante ya fito, tsohon shugaban leƙen asirin Kyuba, kuma ya haɗa da duk wani ƙulli da suka ji labarinsa daga kowane ɓangare. Abin da kwamitin Sanata Frank Church ya tabbatar a 1975 shi ne aƙalla makirci takwas da hannun CIA a ciki, tsakanin 1960 da 1965.

A 1960 hukumar ta bi ta hannun Robert Maheu, tsohon jami'in FBI, ta sami Johnny Roselli da Sam Giancana da Santo Trafficante, manyan 'yan mafiya da Kastro ya rufe musu gidajen caca. An yi tayin dala 150,000, an ba da ƙwayoyin guba da za a jefa masa a abinci ko abin sha. An shafa wa irin tabar da yake sha guba. An yi tunanin dasa nakiya a cikin katantanwar teku a inda yake ninƙaya, da ba shi kyautar rigar nutso mai ƙwayoyin cuta. Kafin a kai ga kisa ma an yi shawarar barbaɗa masa wani gari a takalmi da zai zubar masa da gemu, wai don kwarjininsa ya zube. Ranar 22 ga Nuwamban 1963, ranar da aka harbe Kenedi a Dallas, wani jami'in CIA yana birnin Faris yana miƙa wa Rolando Cubela, wani kwamandan Kyuba, alƙalami mai allurar guba.

Kwamitin nan dai ya gano cewa a 1960 hukumar ta aika guba Kwango don Patrice Lumumba, firaministan ƙasar na farko. Ba a yi amfani da ita ba. A Katanga aka harbe shi ranar 17 ga Janairun 1961.

Shugaban ƙasa ya san da maganar kisan?

Kwamitin Church bai sami takardar da Eisenhower ko Kenedi ya ba da umarnin kisa ba, bai kuma wanke su tas ba, domin an gina tsarin ne yadda ba za a sami irin wannan takarda ba. A tarurruka ana cewa a kawar da shi, a rabu da shi, kowa ya fahimci abin da ya fahimta. Richard Helms na CIA ya ce matsin lambar da ke zuwa daga sama ya kai inda suka ɗauka kisa yana cikin abin da aka yarje musu. A Mayun 1962 an yi wa Robert Kenedi bayanin hulɗa da mafiya a matsayin abin da ya wuce, alhali wata guda kafin nan William Harvey na CIA ya sake miƙa wa Roselli sababbin ƙwayoyi.

Ke nan Kastro ne mai gaskiya?

An zalunci ƙasarsa, wannan ba ya mayar da mulkinsa na adalci. A 1959 an harbe ɗaruruwan mutanen Batista bayan shari'ar gaggawa, zaɓen da aka yi alkawari ba a yi ba, jaridu masu zaman kansu sun rufe kafin ƙarshen 1960, dubban ɗaruruwa sun bar ƙasar. Cikin waɗanda suka ɗauki makami a kansa akwai waɗanda suka yaƙi Batista tare da shi. Shi ma ya tura makamai ga 'yan tawaye a maƙwabta, kamar waɗanda aka tono a gaɓar Benezuwela a 1963. Amma harin waje ya ba shi abin da yake buƙata: kowane ɗan adawa sai a kira shi ɗan koren Amurka. A Agustan 1961, a wani taro a Uruguwai, Che Guevara ya aika wa Kenedi godiya ta bakin hadiminsa Richard Goodwin, ya ce harin ya ƙarfafa juyinsu.

Akwai alaƙa da rikicin makamai masu linzami na 1962?

Akwai, kai tsaye. Habana da Mosko suna ganin zagon ƙasa, suna ganin atisayen sojan ruwa a tekun Karibiyan, suka yanke cewa mamaya ta biyu na tafe. Shugaban Sobiyet Khrushchev yana da nasa dalili, wato makaman Jupiter da Amurka ta girke a Turkiyya da ratar ƙarfin nukiliya, amma kare Kyuba na cikin lissafinsa. McNamara da kansa ya amsa daga baya cewa da shi ɗan Kyuba ne, da haka zai zata. Ranar 14 ga Oktoba jirgin leƙen asirin Amurka samfurin U-2 ya ɗauko hoton makamai masu linzami da Sobiyet ta girke a Kyuba, ranar 28 Khrushchev ya yarda ya kwashe, Amurka ta yi alkawarin ba za ta mamaye ba, ta kuma yarda a asirce za ta janye na Turkiyya. Ana tsakiyar wannan tashin hankali Harvey ya tura 'yan ƙundumbala tsibirin. Abin da ya ci masa kujera ke nan, aka mayar da shi Roma. An dakatar da Mongoose, amma a Yunin 1963 Kenedi ya sake amincewa da sabon zagon ƙasa.

An hukunta wani?

Babu jami'in Amurka da ya tsaya gaban alƙali kan waɗannan shirye-shirye. Dulles da Bissell sun bar aiki, kowannensu da lambar yabo. Lemnitzer an tura shi Turai ya zama babban kwamandan NATO. Abin da binciken ya haifar shi ne doka: a 1976 Shugaba Ford ya haramta wa ma'aikatan gwamnati kisan siyasa, majalisar dattawa ta kafa kwamitin dindindin mai sa ido kan leƙen asiri.

Mutanen da aka koya wa harhaɗa bam kuwa ba su ajiye sana'ar ba don an rufe ofis. Wasunsu aka kama a 1972 sun fasa ofishin jam'iyyar Dimokurat a ginin Watergate, badaƙalar da ta ci mulkin Nixon, kuma E. Howard Hunt da ya ɗauko su tsohon jami'in shirin Mashigin Aladu ne. Ranar 6 ga Oktoban 1976 bam ya tarwatsa jirgin fasinjan Cubana bayan ya tashi daga Barbados, mutum 73 suka mutu. Luis Posada Carriles, wanda CIA ta horar ta kuma biya shekara da shekaru, yana cikin waɗanda aka tuhuma. Ya musanta, ya tsere daga kurkukun Benezuwela a 1985, Amurka ta ƙi miƙa shi. Shari'ar da aka yi masa a Texas ta ƙaryar shige da fice ce, a 2011 aka sallame shi, ya mutu a Fulorida a 2018 yana da shekara 90.